Yadda Na Hana Damtsen Ɗana Tashi

Shekarun baya, shekarar nan da sojoji suka tattara suka koma bariki, muna zaune a unguwar Television, a gidan haya mai ɗaki takwas da rijiya ɗaya a tsakar gida. Ni ban taɓa shiga aji ba. Matar ɗana ce take rubuta wannan, ina faɗa tana dannawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Sana'ata waina. Kullum da sassafe ina bakin ƙofar masaƙa a Kakuri da tandata. Duk wanda ya san ni a lokacin ya san abu ɗaya ne ba na iya gani in yi shiru: mutum mai lafiya a kwance da rana tsaka.

Ɗana na fari yana aiki a wani kamfani a Kudenda, aikin zama gaban inji yana danna maɓalli, ƙarfe biyu ya tashi. Bayan rasuwar babansa sai ya faɗa gidan burukutu. Na yi faɗa, na yi kuka, matan zumunta na ikilisiyarmu sun zo sun yi addu'a har muryarsu ta dushe. Abin da Allah ya yi amfani da shi ya fitar da shi, ban taɓa zato ba, wai ƙarfe ne.

Akwai wani Ibo mai walda a Kakuri, gajere, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya. A bayan shagonsa ya haɗa ƙarafan tsofaffin injuna da gwangwanayen fenti cike da siminti, samari suna zuwa suna ɗagawa. Ba kowa yake karɓa ba, kuma wanda ya karɓa sai ya bi doka: ba giya, ba taba, kuma ba a ɗaga komai mai nauyi sai ranar da ya ce. Ɗana ya shiga. Cikin wata biyu idonsa ya washe, ya daina warin nan, abinci kuwa sai da na sauya tukunya. Na ce to, wannan mai walda ɗan albarka ne.

Sai na fara lura, don ni lura ita ce aikina na biyu. Yaron nan zai fita ranar Litinin da yamma, kafin in gama wanke tanda ya dawo yana tafiya kamar an zare masa ƙasusuwa. Daga nan ba ya sake komawa sai Juma'a. Talata, Laraba, Alhamis, yana dawowa daga aiki ya ci tuwo malmala uku, ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya miƙe.

Na tsaya a kansa ranar Laraba. Na ce, “Kai, ba ka zuwa wurin ƙarfen ne yau?”

Ya ce, “Mama, yau ranar hutu ce.”

“Jiya fa?”

“Hutu.”

“Gobe?”

Ya yi dariya. “Mama, Oga ya ce jiki ba a wurin ƙarfe yake girma ba, a kan tabarma yake girma.”

Na ce, “Da tabarma na sa ƙwanji, da kawunka ya fi kowa ƙarfi a Narayi.”

A raina na yanke hukunci: mai waldan nan mutumin kirki ne, amma rago ne, kuma zai mayar mini da yaro rago. Ni a gona na tashi. A ƙauyenmu wanda ya fi yawan zuwa gona shi ya fi cika rumbu. To ina aka taɓa jin aikin minti ashirin, hutun kwana uku? Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, zaman banza ne ya kai shi gidan burukutu tun farko. Sai na ce bari in taimaka masa, in cike masa giɓin da malaminsa ya bari.

Na fara da rijiya. “Tashi ka cika mini duro biyu.” Ya tashi ya cika. Na ga damatsan suna motsi, na ji daɗi, na ce ya cika na tsohuwar ɗakin ƙarshe ma. Washegari buhun shinkafar waina, maimakon mai baro, shi ya saɓa daga kasuwa. Na daina kai gero inji, na fito da turmi. Na sayi itace kututture, wanda ba a faskara ba, da gangan. Kafin wata ya ƙare duk matan gidan sun gane akwai ƙato kyauta. Wannan ta ce a ɗaga mata gado, waccan ta ce a sauke mata duro daga mota. Ni kuwa ina zaune ina kallo ina cewa a raina, mai walda zai ga aiki, zai ce wannan yaro ɗan wace ce.

Shi kuma yaron bai taɓa ce mini a'a ba. Sau ɗaya ya ce, “Mama, hannuna yana ciwo,” na ce ciwon ne ƙarfin, ɗauki gatari.

Wata Juma'a ya dawo da wuri, bai yi gumi ba. Ya zauna a bakin rijiya, ko tuwon bai duba ba. Na matsa masa, da ƙyar ya yi magana. Ashe mai walda yana da tef irin na tela, duk ƙarshen wata yana auna damtse da ƙirjin kowa. Kowa ya ƙaru, ɗana wata biyu bai motsa ba, ƙarfen da yake ɗagawa sau takwas ma ya koma sau biyar. Mai walda ya ce abu biyu ne kawai ke kawo haka: ko ya koma kwalba, ko yana zuwa wani wuri a ɓoye yana ɗaga ƙarfe ranar hutu. Ya tambaye shi wanne ne, ya ce babu ko ɗaya. Ya ce to maƙaryaci ba ya taɓa masa ƙarfe, kada ya sake ganinsa.

Na san in aka rufe masa wannan ƙofa, wacce ce a buɗe take jiransa. Amma kun san hali, tsorona faɗa yake zama. Na ɗaura zani, na ce wuce mu je.

Mun tarar ana cikin yi. Ban taɓa ganin abin da ido ba sai ranar, don haka na tsaya tukuna. Wani dogon saurayi yana tsaye da sandar ƙarfe a hannu, yana naɗo ta zuwa ƙirji a hankali, yana sauke ta a hankali, kamar mai tsoron kada ta farka. Mai walda yana gefensa yana ƙirga. A na shida fuskarsa ta canza. A na bakwai jijiyar wuyansa ta fito. A na takwas ƙarfen ya tsaya a rabin hanya, hannun yana rawa.

Mai walda ya ce, “Kada ka saki! Wannan shi ne wanda muka zo nema, sauran duk gaisuwa ce!”

Ya sa yatsa biyu kacal a ƙarƙashin sandar, ya taimaka masa ta hau. Saurayin ya ajiye ya zube a ƙasa yana huci. Na zaci zai ce ya tashi ya sake. Sai na ji ya ce, “Shi ke nan. Hannu ya gama. Kada in ga ka ɗauki ko bokiti sai Talata.”

Wannan maganar bokitin ta ɗan taɓa ni, amma na riga na taho da faɗana, ba zan koma da shi gida ba.

Na ce, “Kai ne mai waldan?”

Ya juyo ya rusuna. “Sannu Mama. Ni ne.”

“Kai ka ce ɗana maƙaryaci? Ɗana bai sha komai ba, ni nake shinshina shi kullum in ya shigo. Kuma ba ya zuwa ko'ina, yana gabana. In bai yi ƙwanji ba laifinka ne, da kake ba su aikin minti ashirin kamar masu jego. Ba don ni ba ma da ya lalace. Ni nake ƙara masa!”

Ya ce, “Kina ƙara masa me, Mama?”

Sai na shiga lissafa masa da alfahari, ina naɗe yatsu. Duro huɗu kullum. Buhu daga kasuwa. Daka. Faskare. Ina faɗa, samarin suna ajiye ƙarafa suna matsowa. Da na kai kan kututture, mai walda ya ɗora hannu biyu a ka ya zauna a kan benci.

Ya dubi ɗana ya ce, “Kai kuma bakinka ciwo yake? Me ya hana ka faɗa mini?”

Ɗana ya sunkuyar da kai. “Oga, in kawo ƙarar uwata?”

Wurin ya fashe da dariya. Dogon nan da ke ƙasa ya ce, “Ashe Mama ce ɗaya gidan ƙarfen!”

Na harare shi, ya haɗiye sauran.

Mai walda ya sa aka kawo mini kujera. Hausarsa a karye take amma maganarsa a miƙe. Ya ce, “Mama, abin da kika gani yanzu, rushewa ce. Na rushe hannun yaron can da gangan, sau ɗaya, har ƙasa. Jiki zai ce, kai, wannan abu ya fi ƙarfina, bari in sake gini da bulo mai kauri. Amma magini yana son kwana uku, da abinci, da barci. Idan kullum kina zuwa kina ture bangon tun siminti bai bushe ba, yaushe gida zai tashi? Mutum zai iya yin aiki mai tsanani, ko ya yi aiki mai tsawo. Biyun tare, ƙarya ne.”

Ni maganar bulo ba ta shige ni ba. Amma da ya ce “tashi”, sai hankalina ya tafi kan robar ƙulluna. Shekara ashirin ina waina. Ƙullu in ka buga shi, bugu ɗaya ake yi mai kyau, har hannu ya gaji, sannan a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi a ƙyale shi. Na taɓa korar wata ƙanwata daga gidana saboda ta cika buɗe murfi tana juyawa wai tana dubawa. Wainar ranar kamar takalmi ta fito.

Na ce, “Tsaya. Kana nufin yaron nan ƙullu ne?”

Ya ce, “Wane ƙullu?”

Na yi masa bayani. Ya tafa hannu ya miƙe tsaye. “Mama, shekara goma ina neman yadda zan faɗa wa waɗannan masu kunnen ƙashi! Kun ji? Ku ƙullu ne!”

Na ce, “To ni ce na yi ta juya shi. Ka mayar da shi.”

Nan ya daina dariya. Ya ce doka doka ce, an ɗaga nauyi ranar hutu, ko wa ya sa. Amma tunda ba ƙarya aka yi masa ba, zai ba shi wata ɗaya. In tef ya motsa, ya zauna. In bai motsa ba, ba shi da abin da zai koya masa.

Na ce, “Kai dai ka yi bugunka. Rufewa aikina ne.”

Jama'ar gidanmu ba su taɓa shan wuyata irin ta wannan watan ba. Na ɗauke tabarmar daga gindin mangwaro na kai inda rana ba ta kaiwa. Na ajiye kujerata kusa. Maƙwabciyata ta leƙo da bokiti ta ce, “Ɗan albarka, ɗan taimaka...” na ce, “Yana aiki.” Ta dube shi yana minshari, ta dube ni. Na ce, “Aikin ke nan, ki wuce.” Har dattijon ikilisiyarmu ya aiko ɗana ya zo ya kwashe bencinan coci ranar Laraba, na aika masa cewa Laraba ba ta yiwuwa, kuma Alhamis ma haka. Ranar Lahadi ya tare ni ya ce ya ji ɗana ba shi da lafiya. Na ce lafiya lau, tashi yake yi.

Wahalar kuwa a kaina ta ƙare. Ni na koma jan ruwa, ni da faskaren kututturen da na saya da hannuna. Ina sara ina kallon ƙato a kwance, bakina yana ƙaiƙayi, ina danne shi. Sau biyu ya taso zai karɓi gatarin, na ce in ka taɓa shi sai na saɓa maka. Wake da ƙwai da gyaɗa kuwa ya ci har na daina ƙirga.

Ranar awo na rufe tanda da wuri na bi shi. Mai walda ya zagaya tef a damtsen, ya matso da ido, ya kwance, ya sake zagayawa. Na ce, “Malam, ni ban iya karatu ba, kada ka ja mini rai.” Sai ya kama babban yatsana ya ɗora a kan tef ɗin, tsakanin tsohon zanen da ya yi da biro da inda ya tsaya yau. Faɗin farcena ya shige tsaf.

Na yi guɗa a bayan shagon walda, har masu gyaran mota na maƙwabta suka leƙo ko an yi haihuwa.

Ɗana bai sake taka gidan burukutu ba. Yanzu furfura ta fito masa, yana da yara huɗu, har yau sau biyu a mako yake ɗaga ƙarfensa, kuma har yau in ya bi layi sai an waiwaya. Mai walda ya koma garinsu da daɗewa, amma kafin ya tafi, duk sabon yaron da ya karɓa sai ya turo shi wurina ya ci waina ya ji bayanin ƙullu.

Abin da nake tunawa ba damtsen ba ne. Wata biyu yaron nan yana jan guga da hannun da ke ciwo, yana kallon abin da ya cece shi yana zamewa, bai buɗe baki ya ce ni ce ba. Ni kuma da nake taƙama babu abin da ke wuce idona, a gabana aka yi, da umarnina, ban gani ba. Na iya sa mutum aiki tun ina yarinya. Ƙyale mutum kuwa sai da na kusa hamsin wani mai walda ya koya mini, da ƙulluna.

Kada ku ce na canza gaba ɗaya. Har gobe in na ga lafiyayye a kwance da rana tsaka sai na tsaya a kansa. Bambancin kawai, yanzu ina fara tambaya: “Jiya ka ɗaga abin da ya fi ƙarfinka?” In ya ce e, in gyara masa matashi. In ya ce a'a, ga guga can.