Ɗan Zanzaron Cikin Wake

Yau ina tsince wake ni kaɗai, wani mitsitsin ƙwaro ya tashi daga faifai, sai na tuna surukina, mai gyaran agogo a Sabon Gari.

Ina amarya a Fagge, tun Turawa ba su tafi ba, ban san kowa ba. Wata rana surukin nawa ya tarar ina murƙushe irin wannan ƙwaro. Duk da kunyar surukuta, ya ajiye mini gilashin aikinsa mai ƙara girman abu a tabarma, da ɗumin aljihunsa.

"Yarinya, dubi siririn ƙugunsa. Ɗan zanzaro ne. 'Ya'yansa ke cinye tsutsar da ke huda wakenki. Ki riƙa dubawa kafin ki kashe."

Yanzu idona ya dushe, ba kuma wanda zan nuna wa. Na ƙyale ƙwaron ya yi tafiyarsa. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba.