Ranar da Mai Kunne Ya Ce Bai Ji Ba

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ban da amsar jarrabawa, kuma ban san komai game da mota ba sai dai in shiga in zauna. Sau huɗu ina yaga wannan takarda. Amma ƙarshen watan nan yayan mahaifiyata zai rufe garejinsa bayan shekara arba'in da ɗaya, na duba hagu da dama ban ga wanda ya ɗauki biro ba, shi ya sa na yi karambani. Inda na kuskure sunan wani ƙarfe, laifina ne, ba nasa ba.

A gida Kawu muke ce masa. A bakin titi kuwa ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Kunne.

Kullum kafin rana ta yi zafi yana bakin garejin. Ƙofar kwano ce da ta daɗe da gajiya, sai ya sa kafaɗa ya ɗaga ta kafin ta yarda ta buɗe, kuma shekarun nan ita da gwiwoyinsa tare suke kuka. Ya share ƙasa, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tsohon buhu ya jera sifanu a kai daga ƙarama zuwa babba. Abin da yake ɗaukowa a ƙarshe shi ne sandarsa: wani siririn ƙarfe mai tsawon hannu, da ƙotar katako da ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumin shekaru. In an kawo mota, ba ya taɓa sifana. Sai ya ce a tayar da ita. Ya ɗora bakin sandar a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa na dama, ya rufe ido. Mai mota na ta zuba bayani, shi kuwa ya ɗaga masa hannu, wai a bari mara lafiyar ta faɗi da bakinta. In ya gama gyara ya sake saurare ya gamsu, sai ya rufe bonet ya buga shi sau biyu da tafin hannu. Duk wanda ya san garejin ya san wannan bugu biyun. Ma'anarsa: tafi, babu abin da zai same ka a hanya.

Ba shi ya ba ni labarin ayyukansa ba, don in ka tambaye shi sai ya ce ya manta. Direban motar asibiti ne ya ce wata rana motarsa ta mutu a tsakiyar kasuwa da mace mai naƙuda a baya, Mai Kunne ya zo da gudu ba takalmi a ƙafa ɗaya, ya saurara, ya ciro fulogi guda ya goge a rigarsa ya mayar. Yarinyar da aka haifa ranar yanzu tana da 'ya'ya biyu. Wani ɗan kasuwa kuma ya zagaye gareji uku da wata ƙara, kowa na cewa sai an sauke inji. Mai Kunne ya zagaya motar sau ɗaya, ya kwance murfin ƙofar baya, ya zaro cokalin shayi ya miƙa masa, ya ce ya gaishe da yaran gida.

Kai ne, Kawu, wanda mota ba ta iya yi wa ƙarya. Kai ne kuma wanda bai taɓa yi wa mai mota ƙarya ba, wannan ma ya fi wuya.

A gefen garejin akwai dogon benci a ƙarƙashin rumfa, kuma bencin nan yana da masu shi. Akwai wani ma'aikacin banki da ake kira Sabon Yayi, wanda wayarsa cike take da hotunan motocin da ba su ma iso ƙasar nan ba. Akwai tsohon direban tirela, Dogon Zango, wanda a wurinsa duk motar da ba ta da kuloci keken yara ce. Sai Mai Kemis, wanda ko babur bai taɓa mallaka ba, amma ya haddace ƙarfin injin kowace mota kamar karatun allo. Da la'asar suke haɗuwa, musunsu kuwa ɗaya ne kullum, sai dai ya sake riga. Sabon Yayi ya ce yanzu an daina makulli, danna maɓalli kawai ake yi, motar ma ita ke faɗa maka inda ke mata ciwo a allon gaban sitiyari. Dogon Zango ya ce wannan ba mota ba ce, talabijin ce aka sa wa taya. Mai Kemis ya ce nan da shekara goma ba mai sayen fetur, duk caji za a koma kamar waya. Dogon Zango ya tambaye shi ko a kemis ɗinsa za a riƙa cajin, tunda shi ma wuta sai ta ga dama take zuwa masa.

In sun gaji sai su juyo: "Mai Kunne, raba mana gardama."

Shi kuwa daga ƙarƙashin mota yake amsawa, cewa duk wadda ta kai mutum gida ta dawo da shi, ita ce mota.

Amma ya san gaskiya tana bakin Sabon Yayi. Motocin da ake kawo masa sai raguwa suke yi, kuma sai tsufa. Sababbin in ka buɗe bonet sai ka tarar an rufe komai da baƙar roba, ba inda za ka ɗora sanda. Masu su ma ba sa tsayawa a wurinsa. Tsallaken titi suke wucewa, inda wata mata da ake kira Injiniya ta buɗe shago mai farin fenti, tana jona wa mota waya tana karanta cutarta a kwamfuta. 'Yan benci sun sa mata ido, suna cewa likitar da ba ta taɓa ɓata hannu da baƙin mai ba. Kawu bai taɓa tanka musu ba. Da safe tana gaishe shi daga nesa, yana ɗaga mata hannu, iyakarta ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda ba a faɗa. Matarsa ce ta fara lura, da rediyonsa ya fara damun maƙwabta. Daga baya ya koma sa sandar a kunnen hagu, ya ce na dama ruwa ya shiga. 'Yan benci ma sun gane, sai kowa ya ƙara murya ba tare da an yi shawara ba, har masu wucewa suka ɗauka faɗa ake yi. Shi kuwa yana ta aiki da abin da ya saura: ɗan abin da kunne ya kamo, da rawar ƙarfe a tafin hannu, da sanin shekara arba'in. Yana buga bonet sau biyu kamar kullum, amma in motar ta tafi sai ya tsaya yana bin ta da kallo har ta sha kwana. Da can ba ya yin haka.

Wata ranar Alhamis Sabon Yayi ya shigo da wata farar mota mai ƙyalli, ta maigidansa a wurin aiki, irin wadda ake caji. Wasa ya shirya. Ya ƙifta wa 'yan benci ido, ya buɗe gaban motar, ya ce wa Kawu tana wata 'yar ƙara, a taimaka a saurara. Kawu ya goge hannu ya ɗauko sanda, ya ce a tayar.

"Ai a tashe take," in ji Sabon Yayi.

Ya sami wani ƙarfe a gefe ya ɗora sandar, ya rufe ido. Shiru. Ya matsar da ita. Ya mayar kunnen dama, ya dawo da ita hagu, ya danna ƙotar har ta yi masa shaida a fata. Bai ji komai ba, ko rawar ƙarfe babu. A ransa ya ce to, ranar da nake tsoro ta zo, kuma a gaban mutane ta zo. Ya sauke sandar a hankali ya ajiye a kan buhu, ba a wurinta ba, ya ce, "Shi ke nan."

Dariyar da aka fara a benci ta mutu a hanya. Sabon Yayi ya rikice, ya shiga bayani da ƙarfi, wai ai ba ta da inji irin wanda aka sani, haka take ba ta ƙara, kowa ma bai ji komai ba, wallahi wasa ne. Dogon Zango ya ce wa Sabon Yayi ya kwashe wannan firjin da yake kira mota ya bar wurin. Kawu ya gyaɗa kai, har ya yi ɗan murmushi don kada mutumin ya ji kunya. Amma bayanin bai sanyaya masa rai ba. Abin da ya gano shi ne, ya kai inda ba ya iya bambanta motar da ba ta magana da kunnen da ba ya ji.

Mahaifina direban motar 'yan makaranta ne. Tsohuwar bas ce mai ɗaukar yara goma sha takwas, kullum tana hawa gadar sama da su tana sauka. Shekara goma sha biyu duk ranar Asabar da safe yake kawo ta a saurara, kuma bai taɓa ɗaukar ɗan kowa ranar Litinin ba sai ya ji bugu biyun nan. Asabar ɗin da ta biyo baya ya kawo ta kamar kullum, ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai kamar sitiyarin yana ɗan rawa in ya yi gudu, ko kuma hannunsa ne ya tsufa.

Kawu ya saurari injin ya daɗe. Ya sa jak ya ɗaga tayar gaba, ya juya ta, ya ɗora sanda a bayanta. Ya sake juyawa. Babu wanda zai zarge shi in ya buga bonet ɗin. 'Yan benci sun zo da wuri ranar, suna kallon ƙasa, kowa na fatan ya buga a wuce wurin. Mahaifina ya riga ya zaro makulli. Kawu ya rufe bonet, ya ɗora tafin hannu a kai, hannun ya zauna a nan.

"Ban ji ba," ya ce.

"Wato babu komai ke nan, Yaya?" in ji mahaifina.

"Ban ce babu ba. Na ce ban ji ba."

Sai ya ɗauki sandarsa ya tsallaka titi, da gwiwoyin nan nasa, ya tsaya a ƙofar farin shagon da bai taɓa shiga ba. Ina wurin ranar, amma ban san abin da ya faɗa wa mai shagon ba. Mun dai ga Injiniya ta biyo shi da kwamfutarta a hammata. Ta leƙa ƙarƙashin sitiyarin bas ɗin, ta laluba, ta miƙe ta ce, "Baba, wannan ta girmi na'urata. Ba ta da inda zan jona."

Dogon Zango ya buɗe baki zai yi magana, Mai Kemis ya taka masa ƙafa.

Kawu ya miƙa mata sandar. Ya nuna mata inda za ta ɗora, ya gyara mata riƙon, ya ce ta rufe ido, kada ta nemi sunan cutar, ta faɗi abin da ta ji kawai. Ya juya tayar dama. Ta ce kamar iska. Suka koma ta hagu ya juya. Ta ce ya sake.

"Kamar ana niƙa tsakuwa a can ƙasa," ta ce.

"A jere, ko yana zuwa yana tafiya?"

"Yana zuwa yana tafiya."

"Boris ɗin taya ne," in ji Kawu. "Kwance."

Ita ta kwance, da sifanunsa, baƙin giris har gwiwar hannu. Da aka ciro boris ɗin da tayar ke juyawa a kai, ya ci ya cinye, ƙwayoyinsa biyu sun farfashe suka zubo a tafin hannunta. Mahaifina ya nemi bakin benci ya zauna, leɓensa na motsi. Da aka sa sabo aka ɗaure, ta sake saurare ta ce iska kawai take ji. Kowa ya dubi Kawu. Shi kuwa ya nuna mata bonet da haɓa. Sai ta buga sau biyu.

Ranar ce Kawu ya gaya wa matarsa cewa ƙarshen wata zai rufe. Bai yi dogon bayani ba, ya ce ya gaji, kuma gaskiya ne. Sandar tana rataye yanzu a farin shago kusa da kwamfuta, kuma ya yi alkawarin zai riƙa leƙawa ranar Asabar in gwiwa ta bari. 'Yan benci har sun fara musun yadda za a tsallakar da bencin. Sabon Yayi na cewa nan gaba motoci da kansu za su riƙa tuƙa kansu, Dogon Zango na cewa to su riƙa zuwa gareji da kansu su yi bayani.

Kawu, an yaba maka shekara arba'in saboda abin da ka ji. Ni na ɗauki biro ne saboda ranar da ba ka ji ba, ka kuma faɗa a gaban mutanen da suka shirya rufa maka asiri. Yara goma sha takwas sun hau gada ranar Litinin suna ta surutu, ba su san sunanka ba, ba za su kuma sani ba. A madadinsu, da iyayensu, da mahaifina, na gode. Allah ya huta gajiyarka, ya sanyaya maka gwiwa. Ku kuma masu riƙe da wani aiki da ran mutane ke rataye a kai, ko sitiyari ne ko allura ko alli, in ranarku ta zo, Allah ya ba ku ƙarfin tsallaka titi.

Mahaifiyata ta ce in karanta wa Kawu wannan da kaina, da ƙarfi, a kunnen hagu. Na zo da niyyar haka. Na tarar yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar tasi, ƙafafunsa kawai ake gani, 'yan benci kuma sun kaure da musun batir. Na naɗe kwafinsa na sa a kan buhu, na danne da ƙaramar sifana don kada iska ta ɗauka, na bi ta bayan rumfa na fita kafin wani ya ɗago kai.