Muryar da ta kira ni a lambun Bature

Shekaru da dama ke nan, a daminar da na dawo Jos bayan bautar ƙasa, ina zaune a gidanmu da ke wajen Titin Bauchi ba aikin yi, sai jiran kira daga wuraren da na nemi aiki. Ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe. Ko ƙofa na kulle sai na dawo na sake taɓa ta. Mahaifiyata ta gaji da ganina ina zagaya tsakar gida, shi ya sa ranar da abokina ya zo ya ce mu fita yawon buɗe ido, ita ce ta riga ni amsawa.

Tare muka yi jami'a da shi. Kirista ne, ɗan asalin wajen Kuru, yana zaune da yayansa a Jos Jarawa. Ya daɗe yana ba ni labarin wani tsohon gida a bayan ƙauyensu, wanda wani Bature mai haƙar kuza ya gina da zallar dutse, har da hasumiya da lambu. Ya ce kakansa yana cikin waɗanda suka sassaƙa duwatsun.

Na ce, “Wataƙila mu bari sai ruwa ya ɗauke.”

Ya ce, “Oga, a Jos kake jiran ruwa ya ɗauke? Za ka tsufa a ɗaki. Mama, ki gaya masa.”

Mahaifiyata ta ce, “Ɗauke shi, ɗana. Ko ka dawo da shi da yamma, ko ka bar shi can.”

Haka na fito da rigar sanyi biyu da wata doguwar lema mai tsinin ƙarfe, shi kuwa daga shi sai 'yar shat da silifas. Muka hau mota zuwa Bukuru, muka sake wata zuwa Kuru, daga nan ɗan acaɓa ya kai mu wata mararraba inda wata dattijuwa take gasa masara. Abokina ya gaishe ta da yarensu, suka ɗan yi magana. Da muka juya sai ta ɗaga murya da Hausa, ina jin don ni ta yi: “Ku bi hanya, yara. Kada ku bi ciyawa.”

A hanya na tambaye shi me take nufi. Ya ce bayan Turawa sun tafi, mutane sun ci gaba da haƙar kuza da hannu. Sukan yi rami mai zurfi kamar rijiya, wanda suke kira loto, in sun gama su bar shi a buɗe, ciyawa ta rufe bakinsa. Ya faɗi haka yana gatsar masara, kamar labarin ƙwallo yake ba ni. Ni kuwa daga nan na fara kallon ƙasa kafin kowane taku.

Gidan ya fi yadda ya faɗa. Rufin ya daɗe da tafiya, amma bangon yana tsaye, baƙi ƙirin da danshi, gansakuka ta bi duk tagogin. Hasumiyar tana gefe guda da matakala a cikinta. A gaba akwai lambun. Ana iya gane inda aka jera duwatsu aka yi hanyoyi, ga dogayen itatuwan turare a layi, ga wasu furanni ja da suka ƙi mutuwa suna leƙowa ta cikin ciyawar da ta kai min ƙugu. Abin da na fara lura da shi shi ne shirun wurin. Ban ji tsuntsu ko ɗaya ba. Mai yiwuwa hadarin da ke haɗuwa ne ya sa, ban sani ba.

Abokina ya ce zai hau hasumiyar ya ɗauki hoto. Na leƙa matakalar na ga wasu duwatsun sun zame, na ce ni dai ina ganin zai fi kyau wani ya tsaya a ƙasa, ko da wani abu zai faru.

Ya yi dariya ya ce, “To tsaya, babban mai gadi. Kada ka bari a sace gidan.”

Ya shige. Na zauna a kan wani dakalin dutse a tsakiyar lambun, ina jin ƙarar silifas ɗinsa tana hawa har ta ɓace.

Duk wanda ya san damina a wajen nan ya san yadda hazo yake saukowa daga kan duwatsu da rana tsaka. Ba ya sallama. Ina zaune na ga itatuwan ƙarshen lambun sun dushe, sai na kusa da su, sai gidan kansa. Ban ankara ba, abin da nake iya gani bai wuce dakalin da 'yar ciyawar da ke gabana ba. Sanyi ya ratsa riguna biyun nan.

A nan ne na ji an kira sunana.

Muryar abokina ce. Ba kama ba ce, ita ce, har da yadda yake jan ƙarshen suna. Amma ba daga sama ta zo ba, inda nake zaton yake. Daga hannun hagu ta zo, cikin ciyawa, kuma ƙasa-ƙasa.

Na miƙe na ce, “Ina kake?”

Aka ce, “Zo ka taimake ni.”

Nan take lissafi ya haɗu a kaina: ya sauko ta wata ƙofar, hazo ya rufe masa ido, ya faɗa loto. Na tambaya ko ya ji ciwo. Na ce ya jira in koma mararraba in kira mutane. Sai aka sake cewa, “Zo ka taimake ni,” da murya iri ɗaya sak da ta farko, ba ƙari ba ragi.

Mu da muka tashi a gidajen Hausawa, ba wanda ba a gaya wa ba tun yana ƙarami cewa kada ya amsa kiran da bai ga mai shi ba. Na tuna da wannan, ba zan ɓoye ba. Amma na riga na amsa. Kuma na yi tunanin idan ruwa ne a ramin, kafin in je mararraba a cikin wannan hazo in dawo, ai sai dai a zo a ciro gawa. Wace fuska zan kai wa yayansa? In ce ina jin shi yana roƙona na tsaya tunanin maganar yara?

Tsoron faɗawa bai bar ni na tafi a tsaye ba. Na sauka daga kan hanyar dutsen, na kwanta rub da ciki a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, na riƙa caka tsinin lema a gabana kafin in ja jiki. In na ji ƙasa, in matsa. Ina tafe ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Duk sanda na tsaya, sai a kira sunana, kusa fiye da na baya.

Sai na caka lemar ta tafi, ba ta taɓa komai ba.

Na miƙa hannu na buɗa ciyawar. Wata iska mai sanyi da warin tsohon ruwa ta bugi fuskata. Bakin ramin bai fi faifai biyu ba, ciki kuwa baƙi ne kawai. Ƙasar da ke ƙarƙashin gwiwar hannuna ta fara marmashewa tana zubawa ciki, ban ji saukarta ba. Na kira shi. Daga can ƙasa aka ce, a hankali, “Matso.”

Na ɗaga ƙirji zan leƙa ke nan, aka damƙi idon sawuna.

Ihun da na yi, ina jin an ji shi a Bukuru. Aka ja ni baya da ƙarfi a kan ciyawa, lemar ta suɓuce ta faɗa ramin. Na juyo na ga abokina a durƙushe, ba silifas, yana haki, hannunsa biyu a ƙafata. Muna kallon juna sai muka ji lemar ta faɗa ruwa, can ƙasa, bayan wani lokacin da ya fi ƙarfin hankalina.

Ya ce, “Yesu! Me kake nema a nan? Ka haukace ne?”

Na ce, “Kai ka kira ni.”

Ya ce bai kira ni ba. Yana saman hasumiya hazon ya ɗan yaye, ya hango ni ina jan ciki kamar ƙadangare, kai tsaye zuwa inda ya san akwai ramuka. Ya buɗe baki zai yi min tsawa sai ya ji tsoron kada in firgita in zabura gaba. Shi ya sa ya sauko da gudu bakinsa a rufe, bai ce uffan ba har ya kama ni. Na tambaye shi ko ya ji wata murya. Ya ce muryata kawai ya ji, ina magana ni kaɗai.

Da muka koma kan hanya, shi da kansa ya fara nemo mana dalili. Ya ce ramukan suna haɗe ta ƙasa, wataƙila wasu masu haƙa ne a wani gefen, sautin ya biyo. Bai gama rufe baki ba ya janye maganar, don ya fi ni sanin ba mai shiga loto da damina, ruwa ne a ciki.

A mararraba dattijuwar ta dubi rigata da ta yi kaca-kaca da laka, ta dubi ƙafar abokina ba takalmi. Ya yi mata bayani da yarensu. Ba ta nuna mamaki ba, kuma wannan ya fi komai tayar min da hankali. Ta juyo ta ce min, “Ka amsa?”

Na ce na amsa.

Ta juya masarar da ke kan wuta, ta ce, “Ka je gida, ɗana. Ka yi addu'a irin naku, ni zan yi irin namu.”

A gida na ce wa mahaifiyata santsi ne ya kwashe ni. Ta dube ni ta ce ai gara haka da zaman ɗaki, ta sa aka ɗora min ruwan wanka.

Har yau ba zan iya cewa ga abin da ya faru ba. Zai yiwu tsoron da na ɗauko tun daga mararraba ne ya yi min magana da muryar da na sani. Zai yiwu iska ce a bakin rami. Na karanta abubuwa, na tambayi waɗanda suka fi ni sani, kowa da abin da ya ce. Abin da kawai na kasa ajiyewa shi ne, da cewa aka yi in zo in ga wani abin sha'awa, ko taku ɗaya ba zan yi ba. Taimako aka nema, wato abu ɗaya tak da zai iya sauko da mutum irina daga kan hanya. Kuma da na natsu na tuna, babu zafin ciwo a muryar nan, babu gaggawa. Jira kawai take yi.

Muna nan da abokina, kowa da iyalinsa yanzu. Kwanakin baya muna shan shayi na sake ɗauko zancen. Na ce masa shekaru sun wuce, idan wasa ya yi min ya faɗa, wallahi ba zan ji haushi ba, daɗi ma zan ji. Na yi zaton zai yi dariyar nan tasa. Bai yi ba. Ya ajiye kofin ya ce, “Oga, ni ma na so a ce ni ne.”