Aslaug, Mai Ƙirga Kifin Koginmu

Wane ne mai gaskiya tsakanin wanda ya ciyar da gari da wanda ya tsare kogi? Shekara ashirin ina juya wannan tambaya, ban samo mata amsa ba. Aslaug Tveit kuwa ba ta taɓa zaman jiran amsar ba. Ruwa take shiga.

Duk kaka, da ganye ya fara zuba, sai ta ajiye motar raba wasiƙu, ta sa rigar roba, ta ɗaura tabarau, ta cije bututun numfashi, ta kwanta rubda ciki a kan koginmu, ruwa ya tafi da ita tun daga gindin dutse har bakin teku. Tana tafe tana ƙirga kifin salmon da suka dawo gida yin ƙwai. In ta hango na keji, wanda ya tsere daga gonar kifin da ke mashigin teku, sai ta cire shi da mashi kafin ya haɗa iri da na kogi. Idan haɗin ya yi yawa, kifin da kakanninmu suka sani ya ƙare ke nan. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki.

Steinar, shugaban ma'aikatan gonar, ajinsu ɗaya a firamare, kuma rabin garin a ƙarƙashinsa suke cin abinci. Duk shekara sai shi da Aslaug sun yi cacar baki a kanti.

"Kakar kifi, jikoki nawa bana?"

"Ɗari biyu da sha ɗaya, da baƙi tara naka. Zo mu shiga ka gaishe su."

"Nawa suna keji suna ƙiba. Ruwan da karena ya ƙi, ni zan shiga?"

Shekarar da kifi ya ragu da rabi, masunta suka taru a zauren gari suna neman a rufe gonar. Aslaug ta miƙe ta ce, "Bana ba laifinsu ba ne. Fari ne ya ƙafar da kogi, da idona na gani." Abokanta suka daina gaishe ta har Kirsimeti. Bayan shekara biyu guguwa ta yaga wani keji, sai ga ta da kifi arba'in a baro, ta juye su a ƙofar ofishin Steinar, ta ce ta dawo masa da ajiya. Ya ce bai san su ba. Amma a watan aka canja ragar kejin.

Aslaug, ke ce wadda ba ta taɓa ƙara kifi ɗaya a ƙidaya don ta faranta wa wani rai ba, ba ta kuma rage ba. Ni da nake kwana da tambaya, a wurinki na ga yadda ake rayuwa da ita. Mun gode, Aslaug. Masu gardama a zaure kuma, ku leƙa ƙarƙashin ruwa kafin ku ɗaga murya.

Asabar da ta wuce ta yi shigarta ta ƙarshe, don kafaɗa ta daina jefa mashi, ga shi babu wanda ya ce zai karɓa. Muna bakin kogi da kofi da burodi da cuku, ta fito tana rawar ɗari, ta ce akwai baƙo ɗaya a gurbin ruwan da ke ƙarƙashin gada, ta kasa shi. Sai ga Steinar cikin rigar roba ta aro, tumbi na neman yaga ta. Ya leƙa daga kan gada ya daɗe.

"Wutsiya a cinye, irin ta kifin keji," ya ce. "Nawa ne."

"Ashe ka san su."

"Da sanyi?"

"Kamar ruwan wanka."

Ya karɓi mashin, ya zura ƙafa ɗaya, ya zagi Aslaug da murya ƙasa-ƙasa, muna ta dariya. Sannan ya cije bututun ya kwanta, ruwa ya tafi da shi.