Bakina da Gwajin Hanjin Yaya

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta shekarar da bakina ya kusa cutar da yayata ba.

Lokacin ina sayar da koko da ƙosai a Maamobi, ciwon ciki ya matsa mini. Likita ya ce sai an zura siririn bututu mai kyamara ta dubura an duba hanjina, kuma sai an hura iska hanjin ya buɗe kafin a gani. Aka gama lafiya, amma iskar ta ƙi fita. A motar haya ta trotro na dawo ina murƙususu, cikina kamar ganga, duk ramin da direba ya faɗa sai na yi salati.

Daga nan labari ya samu. Gidan suna, gidan biki, ina bayarwa ina ƙara gishiri, mata na ta dariya. Ban lura yayata, mai sayar da atamfa a Makola, ba ta dariya ba. Ashe ta daɗe tana ganin jini in ta zaga, an rubuta mata gwajin, ta ninke takardar ta ɓoye. 'Yarta ce ta tsegunta mini bayan wata da watanni.

Na sami Yaya a gidanta a Nima tana alwala. "Yaya, me ya hana ki zuwa?"

"Ke mai ƙarfi kin ce kin leƙa lahira. Ni ina zan iya?"

Na koma wurin likita, don dama lokacin sake duba ni ya yi. Da na gaya masa wahalar da na sha wancan karon, ya ce, "Mama, mun canja. Yanzu irin iskar da ke cikin lemon kwalba muke hurawa. Jini na ɗauke ta da wuri, ki fitar da ita ta numfashi."

Na gaya wa Yaya, ba ta yarda ba, sai na ce a sa mu rana ɗaya, a fara da ni. Gaskiya gabana ya faɗi. Amma da na fito, na ɗaura zanena inda na saba ɗaurawa, ciki bai kumbura ba. Ta sa yatsa ta danna cikina, ta dube ni.

"Ba ƙarya?"

"Wallahi, Yaya."

Ta miƙo mini jakarta ta shiga. An sami wani tsiro, an cire, likita ya ce Allah ya taimaka ba ta ƙara jinkiri ba.

Tun ranar na koyi auna magana a kan ciwo. A cikin masu sauraronka akwai wanda ya yi shiru, kuma da labarinka zai yanke shawara.