Duron Ƙarfen da Yaya Ya Ƙera

Ina cikin auna wa wata mata gero a kasuwar Jibiya wayata ta yi ƙara. Lambar Nijar ce, matar yayana daga Maraɗi. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Baban yara ya cika." Na ce innalillahi, na ci gaba da awo har na ƙulle wa matar buhunta, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Kafin magariba an yi masa sutura, ba mu samu jana'iza ba. Inna, mahaifiyarmu, ƙafa ta hana ta tafiya. Da na je yi mata sallama sai ta ce, "Na san ajali ne. Amma ɗana bai taɓa shan taba ba, tari ya cinye shi. Ka tambayo mini sanadi."

Mun tashi da asuba, ni da Baffa, ƙanin mahaifinmu. Daga Jibiya zuwa Magama tafiya ce 'yar kaɗan, shingaye ne ke tsawaita ta. A bakin iyaka na miƙa wa mai canji damin naira, ya ba ni 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Baffa ya leƙa ya ce, "Kuɗin namu ma rama suke yi in sun ƙetare." Ban yi dariya ba. A Ɗan Isa muka sha shayi da dogon burodin nan nasu mai tauri. Gero ya yi kyau dama da hagu, kwalta kuma ta fi tamu lafiya. Da hantsi muka shiga Maraɗi.

A rumfar zaman makoki wani dattijo siriri ya matso kusa da ni. Ya ce tare suka yi aiki da Yaya a Arlit, can arewa cikin hamada, inda ake haƙo yuraniyom, dutsen da ake makamashin nukiliya da shi. Yaya mai walda ne a kamfanin, ya shekara fiye da ashirin kafin ya dawo Maraɗi. Mu a gida abin da muka sani game da aikin kaɗan ne: shi ya gina wa Inna ɗaki na siminti, shi ya kai ta Makka.

Na faɗa wa dattijon saƙon Inna.

"Ɗana, ba ni rantsuwa kan abin da Allah kaɗai ya sani," in ji shi. "Likita ya ce dajin huhu ne. Amma cikinmu da muka shaƙi ƙurar wurin nan, waɗanda ke tari sun yi yawa."

Bai zagi aikin ba. Ya ce dutsen yana da amfani. A ƙasashen da ake kai shi, kaɗan daga cikinsa ke ba babban birni wuta dare da rana, babu hayaƙin gawayi ko na man fetur. Ya ce hasken da aka gasa ciwon Yaya da shi a asibitin Yamai ma shi da dutsen 'yan gida ɗaya ne, kuma shi ya sa ya samu watanni yana cin abinci yana zuwa masallaci da ƙafarsa. "Abin da ya ba mu tuwo ke nan. Sai dai ba shi da wari, ba shi da launi, kuma ba ya mutuwa da wuri. Mu za mu ruɓe, shi yana nan."

Bayan azahar ya nemi izinin shiga cikin gida. Ya fito da wata ƙaramar na'ura kamar rediyo daga aljihunsa, ya ce a sashen kula da lafiyar ma'aikata ya yi aiki, ita ke jin gubar dutsen, wadda mutum ba ya ji. A zaure tana ƙara ɗaya-ɗaya, kamar ɗigon ruwa. Haka a ƙofar ɗaki. Da ya kai ta jikin duron ƙarfen da suke tara ruwan sha a tsakar gida, sai ta rikice kamar ana soya gyaɗa cikin yashi.

Matar Yaya, tana cikin takaba, ta ɗaga labule ta ce, "Malam, mene ne?"

"Hajiya, a daina shan ruwan nan."

Ya yi mana bayani. A wancan zamani, bututu da tankunan da aka gama aiki da su a kamfanin sukan fito kasuwa a matsayin tsohon ƙarfe. Ƙarfe ne mai kauri, mai araha, ba ya tsatsa. Mutane suka yi ƙofofi da shi, suka yi tukwane. Yaya, mai hannu ne, ya yanka ya ƙera duro.

Na zauna a kan turmi. Duro biyu Yaya ya ƙera. Ni da kaina na tare motar da ta kawo ɗayan Jibiya shekara goma sha biyar da suka wuce. A ƙofar ɗakin Inna yake. Da shi take alwala, da shi ake dama furar 'ya'yana, in famfo ya ɗauke maƙwabta ma a nan suke ɗiba.

Na roƙi dattijon ya biyo mu. Ya ce ƙirjinsa ba ya ɗaukar mota yanzu, sai in ya ji sauƙi. Ya ce wataƙila namu ba shi da komai, ba kowane ƙarfe ba ne. Wataƙila.

Kwana uku muka yi muka juyo. A iyaka motarmu ta tsaya bayan wata babbar mota shaƙe da tsofaffin ƙarafa. Ma'aikatan kwastan suka soka ƙarfe cikin buhunanmu suna neman shinkafa, suka leƙa waccan motar, suka ɗaga mata hannu. Ban ce ƙarafanta na da wani abu ba. Na dai lura babu wanda ke riƙe da abin da zai gane. Da, na ɗauka maganar nukiliya ta manyan ƙasashe ce, a rediyo take ƙarewa. A layin nan na gane wutar can take tafiya, ragowar kuma a tsakar gidan irinmu take zama.

Na faɗa wa Inna komai, ban rage ba. Ta saurara har na gama. Ta yarda aka kwashe ruwan, aka koma randa. Da na ce a fitar da duron, sai ta ce, "Ka kai shi ina?"

In na sayar wa 'yan gwangwan, gobe tukunyar wani ce. In na binne shi a gona, gero nake shukawa a wurin. In na jefa shi a rafi, shanu na sha.

Na kife shi a bayan ɗaki, na jera bulo kewaye da shi don yara. Yana nan, kuma har yau ba a auna shi ba.