Matar da Ta Ƙi Ɓoye Ja

Shugaban ofishin kamfanin zanen gine-ginen nan ya yi rashin imani, kuma ba zan rufa masa asiri ba. Ya so yara su zauna ƙarƙashin rufin da ya san zai tsage.

Wadda ta hana shi ita ce injiniyar da abokan aiki ke kira Mai Raga, da ta yi ritaya kwanan nan. Aikinta zana rufi mai lanƙwasa, siriri kamar ɓawon ƙwai, babu ginshiƙi a tsakiya. Kullum da safe sai ta goge tabarau, ta zana rufin a kwamfuta, ta yayyanka shi ƙanana-ƙanana kamar idon raga. Ta aza masa iska da ruwan sama da nauyin kansa, ta zuba ido. Inda lafiya, kore. Inda zai tsage, ja.

A rufin zauren wata makaranta, ja ya fito a gefen tagar da aka huda a sama. Ga shi Shugaba ya riga ya yi alkawarin ranar buɗewa.

"Injiniya, ki buɗa idon ragar mana," in ji shi. "In ya yi faɗi, jan nan ɓacewa zai yi."

"A kwamfuta zai ɓace, yallaɓai. A kan 'ya'yan mutane fa?"

"To zaɓi ɗaya, ko jan ko kujerarki."

Kujerar da take ci da gidanta da ita! Kun san abin da ta yi? Ƙara matse ragar ta yi! Ja ya fito jawur. Maƙwabcin teburinta ya rantse har dariya ta yi, ta ce, "Ka gani, jan ya ji ana gulmarsa."

Shugaba ya kore ta, ya sa wa zanen hannu da kansa. Ita kuwa ba gida ta nufa ba, wajen masu duba gini ta wuce. Da aka gama ginin, suka jibge buhunan yashi a kan rufin don gwaji, zaure babu kowa. Ƙas! Ya tsage a gefen tagar nan, daidai inda ta nuna. Masu kamfani da kansu suka je roƙonta ta dawo. Ta dawo, aka sake rufin.

Ke ce Mai Raga, da ba ki bar ƙarya ta zurare ba. Yaran da ke ihu a zauren nan yau ba su san ki ba, mu mun sani. Mun gode. Masu tasowa, in kun ga ja, ku ce ja ne.

Shi kuwa Shugaba an ƙwace lasisinsa. Ko akurkin kaji ba a yarda ya sa wa hannu ba.